Dubu 380 ɗina ta tafi a kan agogon "Yeager" na bogi, ku yi hattara

Wallahi tun daren jiya nake rubutawa ina gogewa saboda kunya, amma gara in faɗa kowa ya ji. Naira dubu 380 na ɗauka da hannuna na tura wa wani ɗan damfara a Instagram, ba asiri ya min ba, ba bindiga ya ɗora min ba, ni na tura. Dubu 380.

Ƙanina ne ya gama koyon tuƙin jirgi a Zariya bayan an sha fama da kuɗin makaranta, na ce bari in ba shi kyautar da ba zai manta ba. Yaron nan tun yana sakandare hoton Chuck Yeager ne manne a bangon ɗakinsa, baturen Amurkan nan da ya fara tuƙa jirgi ya zarce gudun sauti, ranar 14 ga Oktoba 1947, cikin jirgin Bell X-1 da ya sa wa sunan matarsa Glennis, duk a bakin yaron na haddace don ya ishe mu da labarin. To sai ga wani shafi yana tallan agogon matuƙa jirgi, sunan Yeager a bayansa, da satifiket mai sa hannu, wai guda 500 kacal aka yi a duniya kuma iyalinsa suka ba da lasisi.

Kuma kar wani ya zo min da zancen ai ba ka yi bincike ba. Na yi! Shekarata 14 ina kasuwar fatsin mota, na san jabu na san orijina, ba a taɓa sayar min da gwanjo a matsayin sabo ba. Na tambayi mai shafin kai tsaye, ya aka yi ka samu izinin sa sunan mutumin? Sai ya turo min saƙon murya, hankali kwance, har da 'yar dariya: "Haba Alhaji, ranka ya daɗe, mutumin da ya maka AT&T a kotu ya ci su dala 135,000 don kawai sun ambaci sunansa, kana ganin ɗan ƙaramin kamata zai taɓa sunansa ba lasisi?"

Nan ya gama da ni. Don na je na duba, kuma gaskiya ne. A 2006 kamfanin waya na Cingular, wanda ya koma AT&T, ya sa sunansa a wata sanarwar talla ba tare da izini ba, a 2012 kotu a Kalifoniya ta ba shi wannan kuɗin. Har kamfanin ƙera jirage na Airbus ma Yeager ya kai shi ƙara a 2019 kan irin haka. Sai na ce a raina lallai wanda ya san duk wannan ba zai yi ganganci ba. Ashe da gaskiyar ya yi min tarko. Wannan saƙon muryar na saurare shi ya fi sau 30 daga jiya zuwa yau, "haba Alhaji", ni ko Makka ban je ba.

Dubu 450 ya fara cewa, muka daidaita a 380, har ina murna na yi ciniki. Na tura 200, a'a tsaya, kafin nan ma sai da na ga sunan akawun ɗin daban yake da na shafin, na yi magana ya ce na yaron shagonsa ne, na yarda. Na tura 200, bayan kwana uku ya ce kaya sun iso sai an biya kwastan, na cika 180. Aka sako min a mota na je tasha na karɓa, kwali mai kyau har da ƙyallen baƙin karammiski a ciki.

Ranar walima na miƙa masa a gaban mutane. Ya buɗe, ya yi godiya, ya daɗe yana kallon satifiket ɗin bai ce komai ba. Sai da aka watse ya ja ni soro ya ce "Yaya, nawa ka saya?" Na faɗa masa. Ya nuna min kwanan watan da ke ƙarƙashin sa hannun, 2022. Ya ce Yaya mutumin nan fa ya rasu tun 7 ga Disamba 2020 yana da shekara 97, daga kabari ya sa hannu? Ya juya agogon, sunan ma ba daidai ba ne, "Yaeger" aka rubuta. Ƙananan zagayen nan uku da ke fuskar agogon zane ne kawai, allurarsu ba ta motsi, maɓallan gefe in ka danna ba abin da suke yi. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Wai har lallashina yake, yana ce min ko Neil Armstrong, wanda ya fara taka duniyar wata, daina sa wa mutane hannu ya yi tun 1994 saboda masu jabu sun yi yawa. To ni me wannan zai rage min a dubu 380?

Na manta ban faɗa ba, tun ranar da kaya suka iso mai shafin ya daina ɗaga wayata, na zaci hidima ce. Yanzu ya yi bulokin ɗina, ya canza sunan shafin, hotunan dai su ne. Ƙanin nawa ya ce a dokar Kalifoniya ko mutum ya mutu magadansa na da haƙƙin sunansa har shekara 70, na ce masa to su zo su kama shi mana, mutumin da ko garin da yake ban sani ba.

In an ce muku kaya da lasisi, ku nemi jin haka daga bakin kamfanin ko iyalin, kuma in sunan akawun ya bambanta kar ku tura. Skirinshot na hirarmu da risit biyun da saƙon muryar duk suna nan, zan ɗora anjima in na rufe lambar akawun ɗina. Banki sun ce in kawo takardar 'yan sanda. Agogon ma ya tsaya tun ranar Talata.