Kafin ka zuba kuɗin furojet a kan kuromiyam

Wani ƙanena ɗan aji huɗu a kemistiri ya tare ni a Samaru wai zai yi odar kuromosin, wani sinadarin kuromiyam, don furojet ɗinsa na maganaɗisu, na ce tsaya tukuna, kana da silindar argon, gas ɗin da ake kare sinadari daga iska da shi? Sai ya yi shiru.

Kuromosin, wato Cr(C5H5)2, a takarda kam ya haɗu, elektiron 16 gare shi, biyu ba su da abokan zama shi ya sa maganaɗisu ke jansa, amma iska na taɓa shi ya tashi aiki, har wuta yana iya kamawa, ga tsada ga jiran kaya daga waje. Haka Cr(C6H6)2 da Fischer da Hafner suka haɗa a Jamus a 1955, elektiron 18 ne cif kowa da abokinsa, bai kamata maganaɗisu ya ja shi ba, to amma da iska ta shiga kwalbar sai ya zubar da ɗaya ya koma 17, ka auna ka ga yana januwa ka ɗauka ka gano sabon abu, alhali kayanka ne ya lalace.

In oga, wato malamin da ke duba furojet ɗinka, ya dage sai mai haɗin kuromiyam da kabon kai tsaye, sayi Cr(CO)6. Fari ne, yana jure iska, elektiron 18 gare shi shi ma. Guba ne fa kuma yana tashi kamar kafur, da zafin Zariya na Afrilu kar ka buɗe shi sai inda ake zuƙe hayaƙi.

Ni dai da kuɗina ne koren gishirin nan CrCl3·6H2O zan saya, ya fi duka araha wallahi. Ka dafa shi da asetilasiton da yuriya ka samu Cr(acac)3, elektiron uku marasa abokai, lissafi ya ba ka 3.87 BM (Bohr magneton, ma'aunin ƙarfin maganaɗisu), ba ruwansa da iska. Daga gishirin dai, da zink da asid da sodiyam asitet, ka fitar da jan asitet na Cr(II) inda kuromiyam biyu suka ƙulle da haɗi huɗu, tazararsu wajen 2.36 Å (angstrom, ma'aunin tazara tsakanin atom), maganaɗisu kusan ba ya jansa duk da kowanne d4 ne, wato elektiron huɗu gare shi a zangon d. Shi wannan sai ka kare shi daga iska. Matsalar kawai babu haɗin Cr da kabon a cikinsu, don haka ka tambayi oga kafin ka biya.

Ƙanen nawa dai na tura shi ya fara duba ko sikelin Gouy na lab ɗinsu, wanda ake auna jan maganaɗisu da shi, yana aiki.