Injin niƙan bayan masallacinmu, nan Tawa

In kina da goyo da wasu biyu masu jan zane, wannan injin zan nuna miki. Tiyar hatsi dala goma yake niƙawa, garin ya fito da laushi, ba sai kin sake tankaɗe tsaki ba. Abin da ya fi burge ni, injin tattasai da wake daban yake da na hatsi, kunun yarana bai taɓa ɗaukar yaji ba.

Akwai rumfar zana da benci. Nan ake jera kwanuka a layi, kowace ta san nata da murfinsa. Nan kuma ake jin wa ta haihu, yaushe suna, wace ce za ta kwashi adashe. Ranar da autana ya tashi da zazzaɓi, mai injin cewa ya yi: "Maman biyu, je ki likita, yarona zai kai miki gida." Kuma ya kai.

Aibinsa ƙara, jariri ba ya barci a wurin. In wuta ta ɗauke kuwa sai haƙuri, ba shi da na gazuwal. Ki je da hantsi, kafin ƴan lakwal su taso.