Istirahar da muka kama a Hada da ƙaramar Sallah

Akwai kwali uku a saman wardirof ɗina da ba a saukewa sai Sha'aban ya raba. A ciki akwai fanus, wato fitilun adon azumi, na tagulla da na ƙarfe, da igiyoyin ƙananan fitilu, da jan ƙyallen nan mai zane irin na Misira da ake shimfiɗawa a tebur, da wani jinjirin wata na katako da babban ɗana ya sassaƙa yana aji shida. Shekara da shekaru a gidanmu na Shara Mansur, nan Makka, yara ne ke rataye su, ana faɗa kan wanda zai hau tsani. Yanzu babban yana Riyad da iyalinsa, mai bi masa tana aure a Jidda, autan yana aiki a Yanbu. Azumin 1445 ko sauke kwalayen ban yi ba. Gwiwa ta hana Alhaji hawa, ni ma ba zan iya ba. Fanus ɗaya na kunna a bakin ƙofa, ya yi ta ci shi kaɗai har wata ya ƙare.

Da Sallar 1446 ta matso, wadda ta faɗo ranar Lahadi 30 ga Maris 2025, na ce wa yaran bana ba na son gaisuwar tsaye, a zo da hantsi a juya da la'asar. Mu goma sha huɗu ne har da jikoki bakwai, gidanmu kuwa ɗaki uku. Mijin 'yata ne ya nemo mana istiraha, wato gidan shaƙatawa na haya, a Hada, kan dutsen da ake hawa kafin a shiga Ɗa'ifa. Ta WhatsApp aka gama magana, aka tura kafin alƙalami. Riyal 1,100 kowane dare muka biya na kwana uku, da ajiyar 500 da aka maido mana ranar fita ba tare da ja-in-ja ba. Kuɗin ya yi mini yawa, mai wurin da kansa ya ce lokacin da ba Sallah ba kusan rabin haka ne. Yaran suka raba a tsakaninsu.

Mun yi Idi a Harami, washegari da safe muka kama hanya. Daga Makka tafiyar ba ta wuce awa ɗaya da 'yan mintoci ba, amma hanyar Hada murɗe-murɗe ce kamar igiya, mai jiri ya sha magani tun daga gida. Idan hazo ya sauka ko aka yi ruwa sosai akan rufe ta, sai a zagaya ta hanyar Sail, don haka a bincika kafin a fito. Birai suna nan birjik a gefen titi, kada a bar yaro ya sauke gilashi da abinci a hannu. Wurin ya yi wa kowa daidai, domin mai tahowa daga Riyad ta Ɗa'ifa zai bi dama, ba sai ya sauko Makka ya sake hawa ba.

Ginin ɓangare biyu ne, na maza da na mata, kowanne da falonsa da banɗakinsa, sai ɗakunan kwana huɗu. Tsakiya fili ne mai ciyawa da itatuwan rumman biyu, gefe guda tantin gashi da darduma da matasai, kusa da shi wurin gasa nama. Katanga doguwa ce, mata sun sake sun ajiye abaya. Mun tarar da ko'ina a share, zannuwan gado da ƙamshin wanki.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne maganar ado. Tun a waya na sa aka tambaya ko za a bari in rataye kayana, don wasu wuraren ba sa yarda. Mai gadin, wani dattijo ɗan Sudan, ya tare mu ya ce, "Hajja, rataya abin da kike so, ƙusa ce kawai ban da ita." Ashe ma ba a bukatar ƙusa. An riga an kafa ƙugiyoyi a jere jikin katanga, an ɗaura waya daga wannan itace zuwa wancan, ga soket har uku a tsakar filin. Ya kawo tsani da kansa ya riƙe.

Babban ɗana, mutum mai furfura a gemu, shi ya hau. Ƙanwarsa tana ƙasa tana warware igiyar fitilu da ta cukuikuye shekara biyu, tana ce masa, "Yaya, ka karkata shi, ja ta dama." Autan yana gwada ƙwayaye ɗaya bayan ɗaya yana ware matattu. 'Yar jikata mai shekara shida ta zaro jinjirin watan katakon nan, fentinsa duk ya ɓare a baki, ta juya shi ta ga rubutun fensir a baya. Ta ce, "Hajiya, wa ya yi wannan?" Na nuna mata ubanta a kan tsani. Ta daɗe tana dubansa, sannan ta ce ita za ta rataye. Ya sauko ya ɗaga ta a kafaɗa. Na shiga kicin na ce albasa zan yanka.

Da magariba aka kunna. Iskar Hada tana da ƙarfi, fanus masu kyandir ba su yi minti biyar ba suka mutu, sai muka mayar da su cikin tanti muka bar masu batir a waje. A kan jan ƙyallen na jera dibyaza, wani haɗin zaƙi na busassun 'ya'yan itace, da na dafa tun daren Sallah, da zaitun da cuku da burodin shuraik irin karin kumallon mutanen Hijaz, ga cincin da dubulan irin namu na gida. Maza suka gasa tsire da ƙuli-ƙulin da na taho da shi.

Akwai gyara, kuma na faɗa wa mai wurin baki da baki. Ɗa'ifa tana sama da teku da kusan mita 1,800, wanda ya saba da zafin Makka sanyin darenta zai shiga ƙashinsa ko a ƙarshen Maris. Bargunan da aka ajiye sirara ne, ɗai-ɗai kowane gado. Hitar ruwan ɓangaren mata ba ta aiki daren farko, da tukunya muka dafa wa jikoki ruwan wanka, sai washegari da azahar mai gyara ya zo. Tukwanen kicin na mutum huɗu ne, a wurin da ake haya wa taro. Wanda ya fi damuna shi ne matakala biyar a ƙofar ɓangaren maza babu abin dafawa, hotunan da aka turo mana ba su nuna ta ba, kullum sai an riƙe Alhaji. Mai tafiya da tsoho ya tambayi wannan kafin ya tura kuɗi, ya kuma ɗauko bargo da babbar tukunyarsa.

Mun dace da lokacin furen wardi, wanda ake tsinka daga Maris zuwa Afrilu. Da asuba ake cirarsa kafin rana ta kwashe ƙamshin, a zuba a manyan tukwanen tagulla a dafa, tururin ya zama ruwan wardi da mai. Da irinsa ake haɗawa da Zamzam a wanke Ka'aba. Mai gadin ya kwatanta mana wata gona kusa, jikoki suka dawo da furanni cike da hula. Mun yi azahar a masallacin Abdullahi ɗan Abbas a cikin gari, yara kuma suka hau motar igiyar nan da ke sauka daga Hada zuwa Kar, a gindin dutsen. Ni daga sama na tsaya ina yi musu addu'a.

Zan sake kama wurin in Allah ya kai mu, da sharaɗin a sa ƙarfen dafawa a matakalar. Ranar tafiya, babban da matarsa suka ɗauki harami a miƙatin Wadi Muhrim don su yi umara kafin su koma Riyad. Wajen sauke kaya na ba kowane ɗa fanus biyu da igiyar fitila ɗaya ya kai gidansa. Jinjirin watan kuwa jikata ta rungume shi ta ƙi saki, na ce a bar mata. Kwali ɗaya na dawo da shi Makka, autan ya ɗora mini a saman wardirof kafin ya kama hanyar Yanbu.