Shafukan aikin ISO: ƙofar tana Jeneba, mabuɗin yana gida

Sana'ata gwajin na'urorin sanyaya ɗaki ce, wato mukayyif, a wani ɗakin gwaji a nan Jidda, kuma ta wannan hanya aka saka ni cikin masu duba daftarin ƙa'idojin ISO, ƙungiyar duniya mai tsara ƙa'idojin ingancin kayayyaki da ayyuka. Na daɗe ina shiga shafukansu na aiki, har na ga ya dace in faɗi abin da na tarar, musamman don samarinmu injiniyoyi da ke yawan tambayata ta ina ake shiga. Kayan aikin suna da kyau, sun fi yawancin abin da na gani a kamfanoni tsari. Sai dai wanda bai gane yadda ake ba da izini ba zai sha wahalar banza, ya ɗora wa kwamfuta laifin da ba nata ba.

Mutum ba ya yi wa kansa rajista. ISO, wadda aka kafa a 1947 kuma hedikwatarta ke Jeneba, ba ta hulɗa da ɗaiɗaikun mutane. Kowace ƙasa hukuma guda ce ke wakiltarta: SASO a Saudiyya, SSMO a Sudan, SON a Najeriya. A cikin hukumar akwai jami'in da aka ɗora wa kula da masu shiga, shi ne ke rubuta sunanka a babban kundin da ake kira Global Directory, ya nuna kwamitin da kake ciki da matsayin da aka ba ka. Duk abin da za ka gani bayan haka daga wannan rubutun yake fitowa. Idan a ƙaramin rukunin ƙwararru aka sa ka, takardun rukunin za su buɗe maka, amma kada ka yi mamaki in ka ƙwanƙwasa ƙofar wani rukunin da ke ƙarƙashin kwamiti ɗaya da naku ka iske ta a kulle. Mai karanta takarda daban, mai rubuta gyara daban, mai danna ƙuri'ar ƙasa daban. Da farko na ɗauka tsabar ƙaƙale ne irin na Turawa. Yanzu ina ganin nan ne ƙarfin tsarin yake, domin ƙasa ƙuri'a ɗaya take da ita komai girmanta, kuma ba zai yiwu a bar wa duk wanda ya samu hanya ya danna ta ba.

A wajenmu an saba ofis guda ya yi tarayya a kalmar sirri ɗaya, har a rubuta ta a 'yar takarda a manna jikin allon kwamfuta. Wani yaro da nake koya wa aiki, haifaffen Makka, ya same ni ina duba wani daftari, ya ce, "Yaya, ka ɗan ba ni lambobinka in shiga in sauke, ai ba cinye shi zan yi ba." Na ce, "Ƙanena, duk abin da aka taɓa a ciki da sunana zai fito. Ka bari in nemi a sa naka." Ya ɗan ɓata rai, yana ganin rowa ce. Amma daftarin nan yana da haƙƙin mallaka, ba a yarda a yaɗa shi ba, kuma asusun na mutum ɗaya ne. Wanda ya san zai kasa cewa a'a ga ɗan'uwa, gara ya shirya amsarsa tun kafin a tambaye shi.

Inda na ji jiki shi ne wajen imel. Asusun a ɗaure yake da adireshin da aka yi maka rajista da shi. Da na bar wani kamfani, suka rufe imel ɗin aikina a ranar, ba sallama ba gargaɗi. Sanarwar sababbin takardu da tunin ƙuri'a suka ci gaba da zuwa akwatin da babu mai buɗewa, ni kuwa ina zaton kwamitin ne ya yi sanyi. Sai da na koma ta hannun hukumar ƙasa aka daidaita bayanaina. Don haka mai shirin sauya wurin aiki ya gyara wannan kafin ya miƙa katinsa, ya kuma faɗa wa hukumar sabon wurin da ya koma, tunda suna rubuta ɓangaren da kowane ƙwararre ya fito, masana'anta ne ko gwamnati ko jami'a.

Ma'ajiyar takardun, ISO Documents, ita ce ta maye gurbin tsohuwar eCommittees da aka gina a kan manhajar Livelink. Ba ni da dogon zance a kanta, tana aikinta. Kowace takarda tana da lambarta mai farawa da N, a jere, daga ajandar taro har rahoton abin da aka yanke. Wanda ya taɓa neman sahihin kwafi a zauren WhatsApp, inda fayil uku ke yawo kowanne an rubuta masa "na ƙarshe", zai san darajar a ce masa kawai ya duba N kaza.

Shafin ƙuri'a ne ya fi burge ni. Daftarin da ya kai matakin DIS, wato lokacin da ake kai shi gaban dukkan ƙasashe, ana buɗe shi mako 12, na FDIS, wato daftarin ƙarshe, mako 8. Kafin ya wuce sai kashi biyu cikin uku na mambobin da ke da harafin P, wato masu shiga a dama da su, sun amince, sannan masu cewa a'a kada su haura kashi ɗaya cikin huɗu na dukkan ƙuri'un da aka kaɗa. Wanda ya ƙaurace ba a lissafa shi. Mai cewa a'a kuma dole ya kawo hujjarsa ta fasaha, ba a karɓar "ban yarda ba" tsirara. Mambobin P wajibi ne su riƙa kaɗa ƙuri'a, ƙasar da ta maida fashi al'ada ana iya mayar da ita sahun 'yan kallo masu harafin O. Shafin yana nuna ranar rufewa ɓaro-ɓaro, yana aiko da tuni, kuma idan an rufe za ka ga matsayar kowace ƙasa da dalilanta.

Wani zai ce ina ruwan mai gyaran mukayyif da wannan duka. ISO 5151, ƙa'idar gwajin na'urorin da ba su da bututun iska, ta kasa yanayin gwaji gida uku. A T1 ana gwada na'ura da zafin waje digiri 35. A T3 kuwa digiri 46 ne. Mukayyif ɗin da ya yi rawar gani a 35 yana iya yin laushi a tsakiyar bazarar Makka ko Riyad, ya ci wuta ya kasa sanyaya ɗaki. Layi ɗaya irin wannan a cikin takarda shi ke raba na'urar da za ta yi wa alhazai amfani da wadda za ta zama kayan ado a bango. Ƙasashe masu zafi ba za su iya kare irin waɗannan layuka ba sai mutanensu suna ciki, suna karantawa, suna rubuta gyara kafin a rufe.

Rubuta gyaran ne ke da ɗan gajiyarwa a tsohuwar hanya. Akwai jadawalin Word mai ginshiƙai: lambar sashe, sakin layi, nau'in gyaran (ge na gaba ɗaya, te na fasaha, ed na rubutu), abin da ka gani, da kalmomin da kake so a sa a madadinsa, sai gurbin da sakatariya za ta ba da amsa. Kada ka haɗe gurabe ko ka ƙara ginshiƙi don ya yi maka kyau, domin na'ura ce ke tattara jadawalan ƙasashe wuri ɗaya. Ginshiƙin nan na kalmomin maye shi ne malamina: ya hana ni ƙorafi ba tare da kawo mafita ba.

Sabuwar hanyar, OSD, wadda ISO da takwararta ta fannin lantarki, IEC, suka yi haɗin gwiwa a kanta, ta sauƙaƙa wannan. Daftarin yana kan intanet, kowa rubutu ɗaya yake kallo, ka zaɓi jimlar ka liƙa mata gyaranka nan take. Ni na fi son ta, amma ni a Jidda nake, intanet ba ya yanke mini. Wani dattijo da muke aiki tare, mutumin Mai Wurno da ke gaɓar Shuɗin Nilu a Sudan, ya leƙa allona ya ce, "Ɗana, wannan na masu wuta ne." Na ce, "Gaskiya ne, Kawu." Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023, abokan sana'arsa da ke can sai su kwana su wuni ba lantarki ba sabis. Fayil ɗin Word mutum zai sauke sau ɗaya ya yi ta aikinsa, ya aika ranar da hanya ta buɗe. Ina fata a ci gaba da barin wannan ƙofar ga irinsu.

Taro yawanci ta Zoom ne, ana yin rajista a shafin taruka, kuma a nan ma sai sunanka yana cikin kwamitin ko hukumarka ta amince da kai. Harsunan ISO uku ne, Ingilishi da Faransanci da Rashanci, amma a aikace Ingilishi ne ke tafiyar da komai, saboda haka mai tunani da Hausa, yana aiki da Larabci, sai ya ƙara wa kansa lokacin karatu. Tsakaninmu da Jeneba awa ɗaya ce da bazara, biyu da hunturu, wannan ba matsala ba ne. Matsalar Juma'a ce. Hutunmu Juma'a da Asabar ne tun 2013, su kuwa Juma'a ranar aiki ce, kuma lokacin da ya dace da Amurka da Japan a tare yakan faɗo tsakanin azahar da la'asar ɗinmu. Da na yi wa jagoran rukuninmu bayani a rubuce, ya fara aiko da ranaku a zaɓa kafin ya tsayar. Idan duk da haka ta faɗo Juma'a, nakan aika ra'ayina tun Alhamis, in karanta rahoton taron da safiyar Lahadi idan sakatariya ta riga ta ɗora shi.