Saƙo daga Alƙahira ga masu shirin zuwa: haya, mita, gas da rasidi

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida, musamman iyayen da ke shirin turo 'ya'yansu karatu Azhar ko wata jami'a, da masu kawo marasa lafiya asibiti. Tambayar da aka fi yi mana ita ce, "Nawa zai ishe shi a wata?" Ba ta da amsa guda, domin kuɗin Masar ba ya zama wuri ɗaya. Ranar 6 ga Maris 2024 aka saki fam ya nemi darajarsa a kasuwa, dala ta tashi daga wajen fam 31 zuwa kusan 50 a yini guda, kaya kuma suka bi bayanta. Duk lissafin da aka ba ku wanda ya wuce wata shida, kada ku gina kasafi a kansa. Abin da bai cika canzawa ba shi ne yadda ake sayar da abubuwa, kuma ta nan baƙo yake asara. A gida mun saba da wahalar rashi: ba wuta, ba ruwa, kowa ya nema wa kansa. Nan akwai su, sai dai kowanne da ma'auninsa da takardarsa, wanda bai san su ba kuwa zai yi ta biya bai san me ya saya ba.

Sauƙin farko a haya shi ne ba a biyan kuɗin shekara dunƙule, wata-wata ake biya. Amma ranar shiga a tanadi kuɗin wata uku: na watan farko, da na ajiya da suke kira ta'amin, yawanci wata ɗaya, wani mai gidan ya ce biyu, sai la'adar dillali, wadda kan kai rabin wata ko wata cur. Kuɗin ajiyar nan shi ne ake rigima a kansa ranar tashi. Kafin a sa hannu a zaga ɗaki-ɗaki tare da mai gidan, a kunna kowace esi, wato na'urar sanyaya ɗaki, a buɗe kowane famfo, a ja ruwan bayi, a ɗauki hoton duk tsaga da tabo, a rubuta abin da mitar wuta da ta gas ke nunawa a jikin yarjejeniya. A nemi layin da ya yi maganar ƙarin kuɗin haya na shekara-shekara, da yawa suna sa kashi 10 cikin ɗari. Daga nan a kai takardar ofishin rajistar kadarori, Shahar Aƙari, a buga mata hatimin kwanan wata, domin ofishin fasfo na Abbasiyya yakan neme ta wajen ba da izinin zama. Mai gidan da ya ƙi yarda da wannan, a bar masa gidansa. Kuɗin bawwab, wato mai gadin bene, da na gyaran lif ba sa cikin haya, a tambaya tun farko.

Wuta ce ta fi burge wanda ya zo daga gida, ita ce kuma ta fi cin aljihu a ɓoye. An yi ɗauke wuta bisa jadawali daga Yulin 2023 zuwa Yulin 2024 saboda ƙarancin gas, awa ɗaya zuwa uku a rana, amma ba wanda zai ce maka ka sa janareto cikin lissafi. Ƙarfinta bolt 220 ne, don haka caja da dutsen guga na gida suna aiki. Bakin soket ne daban, ramuka biyu zagayayyu. Wanda ya taso daga Nijar zai tarar da irin nasa, na Najeriya mai ƙafa uku sai da adafta. Kada a ɗora dutsen guga ko hita a kan adafta mai arha: ƙarfen cikinta siriri ne, yana saki, ya ɗau zafi, robar ta narke. Gara a yanke kan wayar a sa filogin nan mai amfiya 16.

Gidaje da yawa yanzu mitar kati gare su, ana sa mata kuɗi a shagunan da ke da na'urar biyan kuɗi ta Fawry. Abin da ya kamata kowa ya gane shi ne kuɗin yunit ba ɗaya ba ne, hawa bakwai ne, kuma lissafin yana komawa farko duk ɗaya ga wata. A farashin da aka sa a 2024, yunit 50 na farko kirshi 68 ne kowanne (kirshi 100 ke fam ɗaya), daga 51 zuwa 100 kirshi 78. Da zarar an haura 100, sai a sake lissafa duk abin da aka sha tun daga farkon wata a kan kirshi 95, mita ta zare bambancin, fam 22, a take. Wannan ƙarami ne. Babban yana kan 650. Wanda ya sha yunit 650 daidai ya biya wajen fam 1,007. Ya ƙara yunit ɗaya tak, sai a mayar da dukkan su kan kirshi 210, mita ta cire kusan fam 360 lokaci guda, wuta ta ɗauke tsakar dare, yara su ɗauka mitar ce ta lalace ko maƙwabci ke jan wutarsu. Lafiyarta ƙalau, hawa aka tsallaka. Esi mai ƙarfin doki ɗaya da rabi, idan tana aiki awa takwas a rana, takan sha kusan yunit 300 a wata. Biyu irinta da firji da hitar wanka sun isa su kai gida yunit 650 a watan Yuli ko Agusta. Ɗaliban da ke zama su shida a gida ɗaya su riƙa duba allon mitar daga 20 ga wata, in sun ga 550 su koma fanka da rana.

Gas iri biyu ne. Unguwanni da yawa an ja musu bututu har kicin, da mitarsa, kuma ya fi arha nesa ba kusa ba, saboda haka a tambaya kafin a karɓi gida. Inda babu, sai tukunya mai kilo 12.5 da suke kira ambuba. Ba a kai ta a cika kamar yadda muka saba, musanya ake yi: mai gas yana yawo yana buga tukunya da sifana, ka ba shi wadda ta ƙare ya ba ka cikakkiya. Tunda ba taka za ta dawo ba, a duba hatimin bakinta, a ɗaga ta a ji nauyi, a sa sabuwar roba a mahaɗa, a shafa kumfar sabulu. In kumfar ta yi ƙwai-ƙwai tana yoyo, a mayar masa tun bai sauka daga bene ba.

Ga abin da nake roƙon iyaye su nanata wa 'ya'yansu. Sanyin Disamba zuwa Fabrairu na gaske ne, dare kan sauka wajen digiri 10, gidajen kuma tayil ne, ba abin ɗumama ɗaki. Kowa yana wanka da ruwan zafi, kuma a gidaje da yawa hitar gas tana cikin banɗakin. Idan ba ta da bututun da ke fitar da hayaƙi waje, aka kuma rufe taga saboda sanyi, tana cinye iskar ɗakin ta saki wata guba marar wari marar launi. Mutum zai ji ciwon kai da jiri, ya zauna ya huta, shi ke nan. Ana rasa rayuka ta haka a lokacin sanyi. Harshen wutar hitar ya zama shuɗi. In ya koma rawaya a kashe a kira mai gyara. A bar taga a ɗan buɗe komai sanyi, kuma kada a kwana da gawayi a ɗaki.

Ruwan famfo daga Nilu yake, an tace shi, yana da warin sinadari, kuma ba ya yankewa sosai. Matsalar tana saman bene: daga hawa na huɗu ko na biyar sai da injin tura ruwa, ga tankin kan rufi da ba kowa ke wankewa ba. Yawancin gidaje suna sa matata a ƙarƙashin wurin wanke-wanke, mai mataki uku, biyar ko bakwai. Ta farko, farar, ana canza ta duk wata uku, ta biyu da ta uku duk wata shida. Matatar da aka bari shekara ba a canza ba ta fi ruwan famfo datti.

Layin waya sai da fasfo, a ofishin kamfani ba a bakin titi ba. Kamfanoni huɗu ne, ana gane su da farkon lamba: 010 Vodafone, 011 e& (tsohon Etisalat), 012 Orange, 015 WE. Layin baƙo yana tafiya da takardunsa, in biza ta ƙare ba a kai sabuwa ba yana iya tsayawa. Tun Janairun 2025 an sa harajin kashi 38.5 cikin ɗari a kan wayar da aka shigo da ita daga waje, kuma wadda harajin ya hau kanta ba a biya ba takan daina kama layin Masar bayan kwana 90. A danna *#06# a samu lambar shaidar wayar kanta, wato IMEI, a duba ta a manhajar Telephony a ga ko akwai haraji a kanta. Mai sayen waya ta hannu ya yi wannan a gaban mai sayarwa kafin ya miƙa kuɗi, in mai layi biyu ce a duba lambobin duka biyun. Intanet na gida yana biyowa ta wayar tarho ta bango, kuma da awo ake sayar da shi, giga kaza a wata. In ya ƙare gudun ya faɗi warwas sai an ƙara kuɗi.

A kasuwa ba kwano ba tsibi, komai kilo ne, har albasa da ayaba, kuma mai kayan miya yakan kafa farashi a kan kwali. Za ku ji labarin burodin kirshi 20, wanda ya shekara da shekaru a kan kirshi 5 kafin Yunin 2024. Wannan na 'yan ƙasa ne masu katin tallafi, guda biyar ga mutum a rana. Baƙo na kasuwa zai saya, kada a sa shi a lissafi. A gidan abinci mai teburi kuma a ƙara harajin kashi 14 da ladan hidima kashi 12 a kan abin da ke rubuce.

Inda Masar ta yi mana nisa, a ganina, shi ne mayar da kaya. Dokar kare masu saye mai lamba 181 ta 2018 ta ba mutum kwana 14 ya mayar da abin da ya saya ko da bai faɗi dalili ba, muddin yana yadda aka ba shi, ban da abinci mai lalacewa da kayan ciki da makamantansu. Kwana 30 in da aibi. Kayan da ke daɗewa kamar firji da injin wanki kuma garantin shekara biyu. Layin kai ƙara 19588 ne. Amma duk wannan ya rataya ne a kan fatura, wato rasidi mai sunan shago da kwanan wata da lambar kayan. A titin Abdul Aziz da Ataba, inda ake sayen kayan lantarki, za a ce maka akwai mai garantin wakilin kamfani, akwai marar shi mai rahusa. Rahusar nan ba ta kai kuɗin gyara ɗaya ba. A sa mai shago ya buga hatimi a katin garanti, a ajiye kwalin har kwana 30 su cika.

Magani gwamnati ce ke yanke masa farashi, yana buge a jikin kwali, kantunan kuma suna kawowa har gida ko da dare. Sunayen kamfani sun bambanta da namu, saboda haka mai hawan jini ko ciwon suga ya zo da takardar likita mai ɗauke da ainihin sunan sinadarin da yawan miligiram, da na wata biyu a hannu, domin wani maganin yakan yi wuya a kasuwa. Tiramadol kuwa, da duk wani mai sa maye, kada ya shiga jakar kowa ko da saƙo ne aka ba shi a filin jirgi: nan a sahun miyagun ƙwayoyi yake, kuma ɗauri ake yi a kansa. Duk ƙullin da aka ce ka kai wa wani, buɗe shi a gaban mai shi kafin ka rufe akwati.