Manhajar tsara hanyar keke: ta cancanci kuɗin shekara?

Ga masu tambayata ko su biya, amsata ita ce: idan a Kano da kewayenta kake hawa, riƙe kuɗinka. Idan kuwa za ka kai kekenka ƙasar da ba ka sani ba, musamman mai tuddai irin ta Filato, biya na wata ɗaya ka more shi. Ni na shekara na biya a ɗaya daga cikin manyan manhajojin, na yi rani da damina da ita, don haka abin da zan faɗa na gani ne a kan hanya.

Uku aka fi ji a bakin mahaya. Akwai Strava ta Amurka, wadda tun 2020 ta mayar da tsara hanya cikin abubuwan da sai ka biya. Akwai Ride with GPS daga birnin Portland, sai Komoot da aka kafa a Jamus a 2010, wadda kamfanin Bending Spoons na Italiya ya saye a 2025. Kuɗin shekara a Turai da Amurka yana kai-komo tsakanin dala 60 zuwa 80. Tun da dala ta haura naira 1,000, wannan kuɗi ne da zai yi maka taya da tif da sabuwar sarƙa. Aikinsu kusan iri ɗaya ne: ka danna inda za ka tashi da inda za ka sauka, ka faɗi irin kekenka, ta zana maka hanya, ta nuna nisa da hawa da gangara, da inda kwalta ta ƙare burji ya fara. Wanda ya biya yana sauke taswirar a waya saboda wurin da babu sabis, murya kuma tana gaya masa inda zai sha kwana.

A Jos na ga amfaninta sosai. Mu a Kano ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, ba ta kai mita 500 daga teku ba, idan an ce maka kilomita 40 ka san ƙarfin da za ka kashe. Jos kuwa ta kai mita 1,200, duwatsun Shere sun haura 1,800, kuma kilomita 40 a can wani lissafi ne daban. Da daddare na zauna na zana zagaye ta ɓangaren Lamingo, sai ga zanen hawa a ƙasan taswira, wuraren da suka fi tsauri da launinsu daban. Na ɗora yatsa a kan wani tudu, ta nuna mini kashi 8 cikin 100, wato a duk mita 100 na tafiya za ka ɗaga sama mita 8. Sai na juya zagayen, yadda zan ci wannan tudu da sanyin safiya, ƙafa da ƙarfinta, in dawo ta gangara lokacin da rana ta take. Wannan canji kaɗai ya gyara mini tafiyar. Wayar na aljihu allonta a kashe, murya ce kawai ke magana, na dawo masauki da sauran caji.

Akwai dalilin da ya sa lissafin tudu ke fitowa da kyau har a nan. Daga sama aka auna shi. A watan Fabrairun 2000 kumbon Amurka mai suna Endeavour ya auna tudu da kwarin mafi yawan doron ƙasa da na'urar rada, kuma a kan irin waɗannan bayanai manhajojin ke dogara. Na'urar ba ta bambanta Jamus da Filato ba. Amma sanin ko hanya kwalta ce, burji ce, ko yashi, wannan sai mutum ya je ya gani ya rubuta. Yawancin manhajojin suna ɗauko hanyoyinsu ne daga OpenStreetMap, taswirar da aka fara a Ingila a 2004, wadda 'yan sa-kai ke cikawa. Inda masu rubutawa ke da yawa, har bencin zama da famfon ruwa za ka gani a kai. Inda suke kaɗan, sai ka ga layin hanya kawai babu bayani.

Abin da na tarar a gida ke nan. Na fi son hawa ta kudancin Kano, in haye gadar Tamburawa, in bar titin Zariya da tirelolinsa a Kura, in shiga hanyoyin gonakin noman rani ta wajen Bunkure, wani lokaci har Rano da Tiga. Da yawa daga cikin waɗannan hanyoyi suna kan taswira, amma idan na duba irin ƙasarsu sai in ga an rubuta ba a sani ba. To ai wannan shi ne abin da na biya don in sani. Mai siririyar taya yana buƙatar ya san ko tsandauri ne ko rairayin da zai sa shi sauka ya tura.

Taswira kuma ba ta san damina ba. Wata rana a cikin Agusta ta bi da ni wata 'yar hanya da ke ratsa rafi. Da rani babura ke wucewa ta wurin a kan yashi, ranar kuwa ruwa ne ja wur yana gudu, ga sawun shanu ya tsaya a bakinsa. Wani dattijo na noma a gefe, na ce sannu da aiki Baba, na tambaye shi inda zan haye. Ya nuna mini da bakin fartanya in koma baya har wata bishiyar ɗorawa, in yi dama, zan tarar da kwalbati. Haka kuwa aka yi. Matambayi ba ya ɓata, kuma a ƙauyukanmu ba ka rasa wanda za ka tambaya, ko mai faci ko ɗan acaɓa.

Wani abin da ake tallata wa masu biya shi ne taswirar da ke haska hanyoyin da sauran mahaya suka fi bi. A Turai wannan na fitar da mutum daga cikin motoci zuwa hanyar da ta fi kwanciyar hankali, domin dubban mutane sun riga sun gwada. A nan masu hawa da manhaja ba su da yawa, kuma galibi manyan tituna suke bi, saboda haka can za ta riƙa jan ka, wurin da kake gudu. Dattijon da ke kai kayan miya kasuwa a kan kekensa kullum, wanda ya fi kowa sanin yanke, ba ya cikin lissafin.

Maganar tsaro ba ta wasa ba ce. Babu manhajar da za ta ce maka kada ka bi dajin nan bayan la'asar, wannan sai mutanen wurin. Sannan duk wanda ke wallafa tafiyarsa ya ɓoye mafarinta da ƙarshenta, don ƙofar gidansa ke nan. A Janairun 2018 an gano cewa taswirar zirga-zirgar masu amfani da Strava ta fito da siffar wasu sansanonin soja a ƙasashe daban-daban, saboda sojoji na motsa jiki da na'urorinsu a kunne. Saitin ɓoyewa yana nan, a shiga a kunna shi.

Ga wanda bai biya ba akwai mafita. Organic Maps da OsmAnd suna sauke taswirar Najeriya kyauta, suna aiki babu data, kuma daga OpenStreetMap ɗin nan suke ɗauko hanyoyinsu. A kwamfuta kana iya zana hanya da BRouter, ka fitar da ita a fayil ɗin GPX, wato fayil ɗin hanya da manhajojin taswira ke karantawa, ka tura wa waya. Gaskiya ba su kai na kuɗin daɗin aiki ba, OsmAnd ma sai ka yi haƙuri da yawan saitinta, amma hanyar da za su nuna maka a Kura ita ce dai wadda mai biya zai gani. Idan za ka biya na wata don tafiya, ka tuna kuɗin na sabunta kansa, don haka ka kashe sabuntawar tun ranar da ka biya, watanka zai ci gaba da aiki har ya cika.

Ni yanzu da nawa ya ƙare ban sabunta ba, sai in zan koma Filato. Na sa StreetComplete a waya, manhajar Android ce ta kyauta da ke yi maka tambaya a kan hanyar da kake tsaye, kwalta ce ko ƙasa, ta aika amsar cikin OpenStreetMap. Duk inda muka tsaya shan ruwa nakan amsa wasu, na kuma roƙi abokan hawana su riƙa yi.