Fararen shafuka a Excel: a goge layuka ko a killace wurin bugawa?

Ana yawan tambayata: idan Excel ya riƙa fito da fararen shafuka wajen bugawa, wace hanya ta fi?

Gogewa ta fi ɗorewa. Danna Ctrl+End ka ga inda takardar ta ƙare. Sau da yawa abin da ke jawo fararen shafukan tazara ce (space) ko zanen layi da aka manta can ƙasa. Share layukan ɗungurungum, ka adana. Amma fa in wani lissafi yana ɗauko lamba daga can, zai koma #REF!, wato alamar kuskure.

Killacewa da Set Print Area kuwa minti ɗaya ce, ba ta taɓa komai. Sai dai layukan da ka ƙara a ƙasa gobe ba za su fito ba.

Mai takardar da kullum yake aiki da ita, ya goge. Mai shagon bugawa da aka kawo wa fayil ɗin wani, ya killace.